Na Hana Maigidana Shigowa da Leda, Yanzu Gidan Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na daɗe ina karanta filin nan, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Abin da ya kawo ni ma, in wani ya ji zai ce ai wannan ba matsala ba ce, don maganar biskit ce da ayaba. Amma wallahi ta hana ni sukuni.

Ni ma'aikaciya ce a wani kantin magani, ni ce mai karɓar kuɗi. Maigidana kuma gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kowa Injiniya yake ce masa, har ni. Muna zaune a gidan haya, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya da maƙwabta. 'Yarmu ɗaya ce, shekararta shida, muna ce mata Kurciya saboda tun tana jaririya ba ta da hayaniya. A lokacin murna muke yi, muna cewa Allah ya ba mu yarinya mai haƙuri. Sai da ta shiga makaranta malamarsu ta ja ni gefe ta ce in kai ta a duba kunnenta, don in an kira ta ta baya ba ta juyowa, kuma kalmominta ba sa fita cikakku. Likita ya gwada ta, ya ce jinta ya ragu a kunnuwan biyu. Tana ji, amma kamar wanda aka cusa wa auduga. Ya ce akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, kuma gara a saka mata da wuri, tun harshenta bai saba da karyayyar magana ba. Da ya faɗi kuɗin, ni da Injiniya muka kalli juna, muka yi godiya, muka fito.

Ba mu da gona, ba mu da fili, ba abin sayarwa sai babur ɗin da yake zuwa aiki da shi. Sai muka zauna muka ce to, tunda babu babban abin da za a yanke, bari mu bi ƙananan. Shi da kansa ya samo gwangwanin madara, ya liƙe murfin da dalma, ya huda sama. Har da tsokana, wai ko ni da iya dabarata ba zan buɗe shi ba.

Anti, ni na yi iya ƙoƙarina. Da, kullum bayan azahar sai na sha lemon kwalba mai sanyi, na daina. Ruwan roba na daina saye, da gorata nake fita. Abincin rana daga gida nake ɗaukowa a kula, ko da ɗumame ne, abokan aikina har sun sa mini suna Hajiya Kula. Akwai wata mata da take shigowa kantinmu da 'yan kunne da turare da mayafai, da can ba ta fita ban ɗauki wani abu ba, yanzu in na hango ta sai in sunkuyar da kai kamar ina lissafi. Datar da nake ƙonawa a kallon bidiyon girkin da ban taɓa girkawa ba, na rage ta. Kitso ni da maƙwabciyata muke yi wa juna. Mota biyu nake hawa kafin in isa wurin aiki, sai na ajiye ta biyun, ina ƙarasawa da ƙafa, safe da yamma. Kuma gaskiya abin ya ba ni mamaki. Ban taɓa sanin haka kuɗi ke zurarewa daga hannuna ba sai da na ga gwangwanin nan yana nauyi. Har na fara jin daɗin abin. In na wuce mai lemo ban saya ba, sai in ji kamar na ci jarrabawa.

Shi ma Injiniya ya rage wasu abubuwan, ba zan zalunce shi ba. Ya daina aski kowane mako, ya daina sayen jarida, rigar aikinsa da ta mutu a gwiwar hannu ya ce in yi mata faci. Amma mutumin nan hannunsa a buɗe yake, haka na aure shi. In mai shayi ya zo wucewa ta layin shagonsu, sai ya ce a haɗa wa mai faci, a haɗa wa mai walda, a haɗa wa duk wanda ke zaune a bencinsa. Sannan ga leda. Tun Kurciya tana rarrafe bai taɓa shigowa gida hannu rabbana ba. Yau biskit, gobe ayaba, jibi yogot ko balan-balan. Ita kuwa ba ta jin sallamarsa, amma ta san lokacinsa. Da la'asar ta yi sanyi za ta je ta zauna a dokin ƙofa, ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙyauren ƙarfen nan, don in babur ya tsaya a waje ƙyauren yana ɗan karkarwa. Tana jin haka sai ta zabura. Shi kuma sai ya ɓoye ledar a bayansa, ta yi ta zagaya shi tana dariya, yana juyawa, har sai ta kama. To yaran maƙwabta ma sun gane, suna ganin ya shigo sai su yi layi, shi kuma ba ya iya kallon idon yaro ya hana shi. Ledar mutum ɗaya ta koma ta mutum biyar.

Na yi masa magana a hankali ba sau ɗaya ba. Sai ya yi dariya ya ce, “Haba Madam, nawa biskit ɗin yake?” In ce masa ai lemona ma nawa yake, ga shi da na bar shi ya zama kuɗi. Sai ya ce to ya ji, gobe kuma ga leda.

Ranar da abin ya faru, tun safe ba ni da daɗi. An yi mana kuskure a kanti, oga ya sauke a kaina. Na taso na biyo hanya a ƙafa cikin rana, takalmina ya tsinke a tsakiyar titi, na ƙaraso gida ina jan ƙafa, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ina shiga na tarar da shi a tsugune a tsakar gida, yara sun kewaye shi, kowa da robar yogot a hannu. Anti, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A gaban yaran, a gaban matan gidan da ke wanke-wanke, na ce masa ni ina tafiya a ƙasa don 'yarsa ta ji, shi kuma yana rabon kunnenta a leda. Na ce in sunan mai kyauta yake nema ya samu, sai ya jira ranar da za ta girma ta tambaye shi me ya sa ba ta iya magana kamar sauran yara.

Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya shige ɗaki. Matan gida kowacce ta sunkuyar da kai a kan kwanukanta. Kurciya ba ta ji abin da na faɗa ba, na tabbata, amma yarinyar nan fuska take karantawa. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar da babanta ya shiga, sai ta tako a hankali ta miƙo mini yogot ɗin, ko rabi ba ta sha ba.

Tun daga ranar bai sake shigowa da leda ba. Kuɗin yake miƙo mini, ya ce, “Ga na gwangwani.” Ba faɗa, ba gaba, yana gaishe ni, yana cin abincina. Amma ya daina dawowa da la'asar. Sai ya zauna a shago ko babu aiki, har sai ya tabbatar Kurciya ta ci abinci ta kwanta. Matar mai walda ce ta gaya mini, wai yana zaune shi kaɗai yana ta goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Na tambaye shi, ya ce ba ya iya jure ganin ta zagayo bayansa ta tarar babu komai. Ita kuma ta yi kwanaki tana zama a dokin ƙofa, daga baya ta daina. Abin da ya ƙarasa karya mini zuciya, shekaran jiya na ba ta ɗan kuɗin tara za ta tafi makaranta, ta maida hannunta baya, ta ce da irin maganarta, “Mama fushi.”

Ga gwangwani yana cika, a lissafina mun wuce rabin abin da ake nema, amma gidana ya zama kamar ɗakin jiran likita. Wani lokaci in ce ni ce da gaskiya, ai don ita nake yi, kuma in na saki yanzu za mu koma gidan jiya, shekara ta zagayo ba na'ura. Wani lokaci kuma in kalli kaina in ga na zama 'yar sanda a gidana, ina leƙen hannun mijina, ina ƙirga ashana. Mahaifiyata ta ce in ba shi haƙuri kawai in bar shi ya yi yadda ya saba. Yayata ta ce kar in kuskura, maza in ba a matsa musu ba ba sa tara ko sisi. Ni kuma ina son mijina, Anti, kuma ina so 'yata ta ji muryata sosai ko sau ɗaya ne. Yaya zan yi in haɗa biyun? Don Allah a sakaya sunana.

Daga Maman Kurciya.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki fara da sauke wannan kayan da kika ɗora wa kanki. Ke ba marowaciya ba ce, ba kuma muguwa ba. Uwa ce ke da tsoro ya kama, kuma tsoron yana da dalili. Abin da kika gano game da ƙananan kuɗi gaskiya ne, mutane da yawa har su tsufa ba su gane shi ba: albashi ba kasafai yake fita ta ƙofa ba, ta 'yan hudoji yake tsiyayewa. Kin toshe naki, kun wuce rabin hanya ba tare da kun ci bashi ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ina so ki san na yaba.

Inda kika yi kuskure shi ne kin zuba duk ƙananan kashe-kashe a kwando ɗaya. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda sabo ne kawai, hannu ke miƙa kuɗin tun kafin zuciya ta so abin. Akwai kuma wanda wani abu mai daraja ke rataye a jikinsa. Gane su ba wuya: ki bar abu na ɗan lokaci ki gani. Lemon kwalba da 'yan kunnen mai talla kin bar su, ba wanda ya yi kewarsu, har ke. Leda kuwa da aka bar ta, mutum uku ne suka shiga wani hali. Ki tuna mijinki uba ne da 'yarsa ba ta jin sallamarsa, ba ta jin waƙar da zai yi mata, ba ta jin tsokanarsa sosai. Ya nemo hanyar da zai ce mata “na dawo, kuma na tuna da ke” ta yadda za ta gane sarai. Wannan ba ya cikin abin da ake yankewa. Ana dai rage masa tsada.

Shi ma Injiniya ba zan wanke shi tas ba. Shayar da layi guda shayi da raba wa yaran gida yogot hali ne mai kyau a lokacin yalwa, amma yanzu akwai mai haƙƙi a gabansu, kuma tana cikin ɗakinsa. Kin yi masa magana a hankali ya maida abin wasa, alhali yana ganin matarsa tana dawowa a ƙafa. Zaman da yake yi a shago kuma, na san kunya ce da ciwon zuciya, amma yarinya ba ta san haka ba. Abin da ta sani kawai babanta ya daina zuwa. In ya karanta wannan, ina roƙonsa ya koma gida da la'asar tun yau, ko da hannu rabbana ne. Shi take jira.

Ke ce za ki fara takawa, domin maganar da kika faɗa ta yi nauyi, kuma a gaban mutane kika faɗe ta. Ki same shi ku biyu, ki ba shi haƙuri a kan kalmomin da wurin da kika zaɓa, ba tare da kin haɗa da “amma” ba. In ya huce, sai ki gaya masa abin da ban ga alamar kin taɓa gaya masa ba: cewa kina jin tsoro, kuma kin gaji. Kin yi ta ce masa ya rage, ya rage. Mutum irin mijinki ba ya jin lissafi, amma in ya san matarsa na cikin tsoro, zai miƙe.

Sai ku sauya tsarin tarin gaba ɗaya. Yanzu abin da kuke yi shi ne ku kashe, sannan ku tara ragowar, shi ya sa kowace ayaba ta zama abokiyar gabar gwangwani, ke kuma kika zama mai gadi. Ku juya shi. Ranar da albashinki ya shigo, a cire rabon Kurciya tun kafin a taɓa komai. Shi kuma tunda kuɗinsa ba na wata ba ne, duk aikin da aka biya shi ya ware wani kaso da kuka amince a kai, nan take. Ku kai banki ko wani wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi, don kuɗi sun fara yawa, gidan haya kuma gidan haya ne. Bayan an cire na abinci da na haya, kowannenku ya riƙe ɗan abin aljihu wanda ba mai tambayarsa yadda ya yi da shi. In ya ga dama ya shayar da mai walda, in ya ƙare ya ƙare. Za ki ga da kansa zai fara zaɓen wanda zai haɗa wa shayi, ba tare da kin ce komai ba.

Leda ta dawo, amma ƙarama. Ku sayi biskit na sari ya ajiye a shago, kullum ya ɗauko ɗaya. Wata rana ayaba guda, wata rana ma abin da ba a saya ba, kamar hoton da ya yanko ko ɗan maganaɗisun tsohon firij. Ita zagayen da kamawar take so. Yaran maƙwabta kuma a ware musu rana ɗaya a mako, sauran ranakun ya shige da ita ɗaki. Yara suna saurin gane doka in ba a canza ta.

Ke kuma ki koma hawa motarki ta biyu, aƙalla da yamma. Ke da kike zaune a kantin magani kin fi ni sanin abin da ciwo ke ci. Tsimin da zai kwantar da ke, ko ya sa ki shigo gida a fusace kullum, ya fi kuɗin mota tsada. Akwai kuma dalili na biyu. Ki tambayi likita, za ki ji cewa irin wannan na'ura tana da hidima bayan saye, ga batir, ga gyara, ga sauya abin da ke shiga kunne yayin da yarinya ke girma. Tafiyar doguwa ce. Irin tsimin da za ku iya rayuwa da shi shekara da shekaru kuke buƙata, ba wanda za ku yi wata uku kuna cije baki sannan ku zube ba.

Kada kuma ku ce sai ƙananan kuɗi kaɗai za su kai ku. Ku koma wurin likitan da abin da kuka tara. Ku tambaye shi ko akwai mai sauƙin kuɗi da za ta yi mata aiki, ko ana karɓar biya kashi-kashi, ko ya san wata ƙungiya da ke tallafa wa yara masu irin wannan lalura. Ku tambaye shi kuma tsawon lokacin da za a iya jira ba tare da an cutar da ita ba, don ki daina tsorata da abin da ba ki da tabbas a kai. 'Yan'uwanku ma ku gaya musu halin da ake ciki a fili. Yayarki da ke ba da shawarar matsa wa maza, wataƙila tana da abin da za ta sa. Kafin nan, ki roƙi malamarsu ta zaunar da ita a gaba, ta riƙa fuskantarta in tana magana.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Yarinyar nan ta ɗauka ita ce ta jawo fushin. Ku zaunar da ita ku biyu, a wuri mai haske inda za ta ga bakinku, ku gaya mata a hankali, da kalmomi kaɗan, cewa Mama ta gaji ne ranar, ba ita ta yi laifi ba, kuma Mama da Baba sun shirya. Ta ga kuna dariya tare. Ba sai ta san ana tara kuɗi saboda ita ba, wannan nauyin manya ne, kada a ɗora mata.

Mahaifiyarki ta ce ki sake shi, yayarki ta ce ki matse shi. Ni kuwa na ce ki jawo shi kusa, ku riƙe abin nan tare, don ke kaɗai kike ɗauke da shi tun daga ofishin likita, kuma ya isa haka. Allah ya ba Kurciya lafiya, ya buɗe muku ƙofar da ba ku zata ba, ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da kuke tarawa, ya kuma bar ku tare cikin rufin asiri.

Taki,
Anti.